Tozalin da Na Sa Aka Goge

Ni ce 'yar fari a wurin Ummata, kuma duk Bahaushe ya san abin da hakan ke nufi. Ba ta kiran sunana. Ba ta zama kusa da ni in da mutane, ba ta yabona, ko faɗa ma in za ta yi mini sai ta bi ta kan wani. In tana so in miƙo mata ludayi sai ta ce, "A miƙo mini abin nan," tana kallon bango, kamar bangon ne zai miƙo. A Kano ban taɓa jin ciwon haka ba, don a ɗakin kakata na tashi, ita ce mai kitsona, ita ce mai dungurina. Sai da Baba ya samu aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Washington, muka tattara muka dawo Hyattsville ina shekara goma sha uku, sannan na gane kunya aba ce mai bukatar tsakar gida. A gidan haya mai ɗaki biyu da falo babu inda za ka kauce wa mutum. Kullum sai mun yi kiciɓis a hanyar banɗaki, ita ta kalli ƙasa, ni in kalli sama.

Ranar da ta kai ni rajistar makaranta, malamar ta tambaye ta sunan yarinyar. Umma ta tura mata fasfo ɗina. Malamar ta ɗauka ba ta jin Turanci, ta sake maimaitawa a hankali, da ƙarfi, tana nuna ni da biro. Umma ta sake tura fasfo ɗin gaba kaɗan. Ni na faɗi sunana da kaina, kunya kamar in nutse.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sana'arta. Umma mai kwalliyar amare ce tun a gida, da muka zo nan kuma ba a daɗe ba labarinta ya bazu. 'Yan Najeriya, 'yan Nijar, Hausawan Ghana, duk mai aurar da 'ya daga Silver Spring har Clinton sai ya neme ta. Ran Asabar falonmu ya kan cika da 'yan mata, ƙafafu a ɗaure cikin leda, ƙamshin dilka da humra har matakalar bene. In ta kunna turaren wuta sai Baba ya tsaya ƙarƙashin na'urar da ke ƙara in ta ji hayaƙi da tawul yana fifita, kada ta tara mana jama'a. Ina kallo za ta riƙe haɓar 'yar wani, ta ce, "Duba sama, 'yata," ta zizara mata tozali. Ƙanwata ma ana yi mata ranar Sallah, a kan cinya. Ni kuwa aikina riƙe madubi da kwashe auduga. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha.

Tana da wani tsohon tandu na fata, bai fi babban yatsa biyu ba, wanda uwarta ta ba ta. A ciki tozalinta yake, ita take niƙa shi da kanta. Duk kayan zamanin da ta saya a nan, hoda da jagira da jambaki kala-kala, tana barin kowa ya taɓa. Tandun nan kuwa a jakarta yake kwana.

A shekarata ta ƙarshe a sakandare maganar furom ta taso, wato rawar da 'yan ajin ƙarshe ke yi kafin a watse. Baba da farko cewa ya yi ba ya son jin zancen. Sai da aka yi wata guda ana kai ruwa rana kafin ya yarda, shi ma da sharuɗɗa: babu wani yaro, mu 'yan mata huɗu za mu tafi tare, riga mai dogon hannu, kuma shi zai je ɗauko ni. Umma ba ta ce a'a ba, ba ta ce i ba. Da na kawo rigar, ruwan zuma ce mai duwatsu a wuya, ta ɗaga ta, ta duba ɗinkin ta ciki, ta ce wa ƙanwata, "Ki gaya wa yayarki a rage tsawon, za ta taka."

Ƙawata ta kusa 'yar Hausawan Kumasi ce, a nan aka haife ta, tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa. Ita ta kama mana layi a kantar kayan kwalliya da ke cikin wani babban shago a mol, wato katafaren ginin kantuna, ƙarfe uku na ranar, mu biyu. Haka kowa ke yi a makarantarmu. Ka je ka hau doguwar kujera, a yi maka fuska irin ta mujalla, ka sayi jambaki ɗaya ka tafi. Mako uku ina ɗokin kujerar nan. Ban gaya wa Umma ba, kuma wallahi ba ɓoyewa na yi ba. Ko a mafarki ban kawo cewa fuskata ta dame ta ba.

Da a ce ina da hankali da na lura. Tun farkon makon ƙanwata ta fara kawo mini saƙo: ga kurkum an kwaɓa, a shafa kafin wanka. Ga sabulu, a daina amfani da wancan. Na ɗauka ragowar na wata amarya ne ake rabarwa kada ya lalace.

Ran Asabar ɗin na tashi na ga falo shiru. Babu amarya, babu leda, jakar aikin Umma tana gefen kujera ba a ɗaure ba. Baba ya tafi aikin safe. Bayan azahar na fito daga wanka, sai na tarar ta jawo kujerar cin abinci zuwa bakin taga, inda haske ya fi kyau, ta jera kayanta a kan tawul. Tandun yana gaba. Ba ta kalle ni ba. Ta ce, "In mutum ya gama shafa mai ya zo ya zauna."

Na waiga ina neman mutumin. Ƙanwata tana ɗaki tana kallon talabijin. Babu kowa sai ni.

Na zauna. Ta sa yatsu biyu ta ɗaga haɓata. Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Shekarata goma sha takwas a duniya, kuma iya sanina ranar ce ta farko da na ga fuskar uwata a kusa haka. Ashe tana da ɗan tabo a gefen gira. Ashe in tana aiki tana ɗan cije leɓe. Hannunta yana da sanyi, yana ƙamshin kanumfari. Ta shafa, ta goge, ta gyara gira. Da ta buɗe tandun ta tsoma ɗan tsinken ƙarfen, ta ce, "Duba sama." Ba ta ƙara da "'yata" ba, amma na ji inda ta haɗiye shi.

Ta yi kusan minti arba'in. Ni kuwa ina zaune zuciyata ta kasu biyu. Rabi yana cewa Allah ya sa kada ta gama. Rabi yana kallon agogon bango, don biyu da rabi ƙawata za ta zo.

Da ta gama ta miƙo mini madubin da na saba riƙe wa wasu. Na duba. Kyau kam an yi kyau, ba ƙarya. Amma amaryar Kano ce a madubin, irin wadda ake bugawa a kalandar biki. Ido ya sha tozali har ya ja wutsiya, gira ta fito tsaf, leɓe an zagaye shi da baƙi an cika da ja. Abin da ya faɗo mini kawai shi ne 'yan ajinmu. Shekara biyar ina fama in goge Kano daga bakina da tafiyata, in daina zama yarinyar nan da uwarta ta kasa faɗar sunanta, ga shi a ranar ƙarshe an rubuta mini ita a goshi.

A nan ya kamata in yi magana. Da na ce, "Umma, a ɗan rage jan," da ta rage. Da na ce muna da layi a kanta, da ta ji haushi na yini ɗaya. Amma mu biyu ba mu saba magana ba, ban san ta inda ake farawa ba. Na ce, "Na gode, Umma." Ta juya baya tana tattara kaya. Ta ce, "A yi hankali da ido, kada a murza."

Ina shiga mota ƙawata ta kalle ni ta ƙyalƙyale da dariya har da dukan sitiyari. Da Turanci ta tambaye ni gidan wane miji za ta kai ni. Na taya ta dariyar. Har yau ina jin sautin dariyata a motar nan, kuma ba na son sa. Ta ce kada in damu, minti biyar za a wanke. Ba ta san komai ba. A gidansu uwarta tana kiran sunanta sau hamsin a rana, har da sumbata. Ba zan ɗora mata laifi ba, ni ce na san abin da ke kan fuskata.

Shagon ya cika da 'yan mata irinmu da iyayensu, kowace uwa riƙe da jakar 'yarta tana ba da umarni. Wadda ta karɓe ni wata baƙar Ba'amurkiya ce mai ɗan shekaru, da tabarau rataye a wuya da sarƙa. Na hau kujerar da na yi mako uku ina mafarki. Ta sa tabaran, ta matso, ta juya fuskata dama da hagu. Ta daɗe tana kallon idona. Sai ta tambaye ni wa ya ja wannan layin. Ta ce ta tsufa a aikin nan, amma ba za ta iya jan layi haka a cikin ido ba, kuma duk wadda ta yi shi ta san fuskata sosai. Har ta kira abokiyar aikinta ta zo ta gani.

Na ce mata wata maƙwabciyarmu ce.

Ban san daga ina kalmar ta fito ba. Babu wanda ya matsa mini. Matar nan yabo take yi. Da na ce uwata ce, da babu abin da zai ragu a jikina. Amma na riga na yanke shawarar gogewa, kuma na san ba a goge hannun uwa a gaban mutane. Na maƙwabciya kuwa ana gogewa.

Ta ce to ga shawara: ta bar idon yadda yake, ta canja hodar da jambakin kawai, zai zauna da rigar. Allah ya ba ni ƙofa a buɗe, har da mai riƙe mini labule. Na kalli ƙawata a kujerar gefe, an fara shafa mata ruwan zinariya a fatar ido. Na ce, "A goge duka."

Ta ɗaga kafaɗa ta jiƙa auduga. Tozalin Umma ba irin na kwalba ba ne, ba ya fita da sauƙi. Tana gogewa tana ajiye audugar a kan gilashin kanta, fara ta koma baƙa ƙirin, ɗaya bayan ɗaya, har suka yi tsibi. Aikina ne a gida kwashe irin wannan audugar, sai na ji hannuna yana so ya kai. A ƙarshe ta ce na cikin fatar idon ba zai fita duka ba, sai dai a bar shi.

Zan faɗi gaskiya, ko da ba ta yi mini daɗi ba. Kwalliyar da ta yi mini ta yi kyau ƙwarai. Da na so a ce ta ɓata ni, ta mayar da ni kamar wadda ta faɗa buhun fulawa, in ce alhaki ne. Ina! Ta samo hodar da ta yi daidai da fatata, ta yi mini abu mai sauƙi, na duba madubi na ga yarinyar da nake so in zama. Na ji daɗi. Na manta da kujerar bakin taga, na sayi jambakin ina murna.

Lissafina shi ne Umma ba za ta gani ba. Ƙarfe biyar za a taru a bakin tafkin Greenbelt a ɗauki hotuna, iyaye da 'ya'ya, daga nan a wuce wurin rawar. Uwar 'yar fari ba ta zuwa irin wannan, ko ranar da aka ba ni lambar yabo a makaranta Baba ne ya je shi kaɗai. Kafin in dawo kuwa zan wanke fuska in ce gumi ne ya cinye. Baba ba matsala ba ne, shi da ba ya bambanta jagira da biro.

Muna tsaye a kan ciyawa ana ta jera mu, sai ga motar Baba. Ya fito da rigar aikinsa yana ɗaga hannu. Sai na ga ƙofar ɗaya gefen ma ta buɗe. Umma ce, da mayafinta na zuwa biki, riƙe da waya.

Baba ya riga ta isowa. Ya dube ni ya washe baki, ya juya wurin mahaifiyar ƙawata ya ce, "Hajiya, kin ga hannun maiɗakina? Biki guda ta bari a Clinton saboda wannan. Tun wata biyu ta ce musu su nemi wata." Ya juyo gare ni. "Kuma ita ta ce lallai sai an zo an ɗau hoto an aika wa kakarki."

Kafin ya rufe baki Umma ta ƙaraso. Ta gaisa da Hajiya tsaf, ta tambayi gida da yara da aiki, sannan ta ɗago ta kalle ni. Ba ta daɗe ba. Mai sana'a ce, kallo ɗaya ya ishe ta. Hajiya, baiwar Allah, ta tafa hannu ta ce, "Kai, masha Allah! Ashe kin iya irin ta nan ma? Sai ka ce a shago aka yi."

Umma ta ce, "A'a, Hajiya, ba hannuna ba ne. Amma an yi kyau."

Baba ya yi dariya, ya ɗauka kunya ce irin tata. Ni kuwa idona ya kawo ruwa, kuma ruwan ya taho da sauran tozalin da ya ƙi fita. Na ji shi yana taruwa a gefen idon hagu. Umma ta gani. Ta naɗe bakin mayafinta a yatsa, ta ɗago hannu, har na rufe ido ina jira. Ban ji komai ba. Da na buɗe, hannun ya koma ƙasa. Ta ce, "Hajiya, ki ɗan goge wa yarinyar nan gefen ido, wani abu ya zubo."

Hajiya ta goge. Aka ɗauki hotuna. Umma ma ta ɗauka, guda biyu, ta aika Kano kamar yadda ta ce. Akwai hoton da Baba ya tilasta mana tsayawa tare, ni da ita. Yana nan har yau a falonsu. Tsakaninmu akwai wurin da mutum ɗaya zai iya tsayawa.

Na je rawar, kuma na yi rawa, kada in yi muku ƙaryar cewa a lungu na zauna ina kuka. Yarinta ba ta riƙe abu. Washegari ne abin ya dawo mini, da ƙanwata ta kawo mini man goge fuska ta ce an ce in yi amfani da shi, hodar shago tana toshe fata. Shi ke nan. Babu faɗa, babu gori. Da ta zage ni da na samu inda zan kama in ba da haƙuri. Na sha shirya maganar a cikin jirgin ƙasa, daga tashar makaranta har gida, in na shigo na gan ta sai ta bi iska. In zan ce ta yafe mini, dole in fara cewa ta riƙe haɓata, ta bar biki saboda ni, wato in tona abin da ta yi shekara goma sha takwas tana rufewa. Na ce wa kaina kunyarta nake kiyayewa. Yanzu na san tawa nake kiyayewa.

Da aurena ya zo, bayan shekara bakwai, na yi ƙarfin hali na aika ƙanwata ta tambaye ta ko za ta sa mini ko da tozali ne kawai. Amsar da ta dawo ita ce, ina aka taɓa ganin uwa ta yi wa 'yar fari kwalliyar aure? Gaskiya ce, ba a yi. Ta ɗauko wata ɗalibarta, ta tsaya daga bakin ƙofa tana ba ta umarni: a rage nan, a ƙara can, fuskar ba ta son ja da yawa. Komai ta sani game da fuskata. Ba ta dai shigo ba.

Yanzu ina da 'ya mai shekara biyar, ita ma 'yar fari. Ina kiran sunanta har maƙwabta sun haddace. Tsakaninta da Umma kuwa sai wasa da tsokana, "ƙawata" take ce mata, su yi ta musu a kan wa ya fi wani kyau. Ƙaramar Sallar da ta wuce mun je Hyattsville da safe kafin idi. Na fito daga kicin da faranti, sai na tarar an jawo kujerar nan bakin taga, yarinyar tana kai ƙafafunta na lilo, Umma ta riƙe haɓarta, tandun a buɗe.

"Duba sama, ƙawata."

Na tsaya da farantin a hannu. Da aka gama yarinyar ta karɓi madubi tana juya kai, sai ta hango ni ta ciki. Ta tambayi kakarta da Turanci me ya sa ba za a yi wa Mami ba, ko ita ba a taɓa yi mata ba ne.

Umma ba ta waigo ba. Ta goge tsinken a bakin zaninta, ta mayar da shi, ta toshe tandun.

Ta ce, "Na taɓa yi mata. Sau ɗaya."